Aflasafe GH02: abin da na gani a gonar gyaɗarmu bayan damina biyu

Tunkuza da ƙuli-ƙuli nake sayarwa a Aboabo, cikin Kumasi, kuma daga gonar gidanmu ta Ejura gyaɗar take zuwa. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne funfunar nan mai kore-kore da ke kama gyaɗa, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, domin gubarta, aflatoksin, tana jawo sankarar hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Ranar da ƙanena ya buɗe buhun Aflasafe, maganin da ake watsawa a gona don rage wannan guba, na zaci an cuce mu, don dawa ce kawai mai launin shuɗi. Ashe gasasshiyar dawa ce da ba ta tsirowa, an lulluɓe ta da iri huɗu na wannan funfuna da aka samo daga ƙasar Gana, waɗanda ba sa iya yin gubar. Funfuna mai guba tana da ƙwayoyin gado wajen 30 jere wuri guda. Ɗaya mai suna aflR shi ke tayar da sauran, su kuma su samar da sinadaran da ake kira inzayim, waɗanda ke haɗa gubar mataki-mataki, kamar yadda gyaɗa ke bin ɓarza da suya da niƙa kafin a matse mai. Irin da ke kan dawar nan jerin nasu a gurgunce yake, saboda haka idan suka riga cika gona, mai gubar ba ta samun wurin zama. Cibiyar binciken noma ta IITA ce ta samar da Aflasafe, kuma a 2018 ya shigo kasuwar Gana.

Kilo 4 muka watsa da hannu a kowace eka, ƙasa na da danshi, wajen wata guda bayan shuka. Bayan mako guda na tsuguna na ga ƙwayoyin dawar sun yi gashin kore. Da muka kai gyaɗar gwaji, ta haye lafiya duk damina biyun.

Yana da tasa wahalar. Zabi da kaji suna tsince shi, sai an yi tsaro. Wani dila ya ja mana rai har lokacin watsawa ya kusa wucewa. Ba ya ƙara yawan amfanin gona, ba ya kuma ɗauke wa mutum shanya gyaɗa a kan tamfol da tsince ruɓaɓɓu. A kasuwa ma ba wanda ya ƙara mini ko sidi ɗaya. Duk da haka na riga na biya kuɗin na baɗi, domin 'ya'yana da wannan tunkuzar ake yi musu miya.