Raba labari uku ko tara kowa a ɗaki ɗaya: wanne ya fi a wasan barkwanci?

Ɗan'uwa, ka tambaya dalilin da ya sa wani kashi na wasan barkwanci na talabijin mai jarumai da yawa yakan kama mutum tun daga farko har ƙarshe, wani kuma sai a ga an watsa shi, kowa ya kama gabansa. Amsar tana cikin yadda marubuta suke raba lokaci. A tashoshin Amurka, rabin awa da ake ba irin wannan shiri ba ya wuce minti 22 idan an cire tallace-tallace, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ake so kowane jarumi ya samu rabonsa. Hanyoyi biyu ne suka fi yawa: ko a raba jaruman zuwa labarai biyu ko uku masu tafiya tare, ko kuma a tara su duka a wuri ɗaya a kan matsala ɗaya.

Hanya ta farko ita ce ta yau da kullum, kuma ƙarfinta a bayyane yake. Idan labari ɗaya ya fara sanyi, sai a tsallaka zuwa wani kafin mai kallo ya gaji, sannan ana iya haɗa mutane biyu da ba a saba ganinsu tare ba, a fito da wani abu sabo daga halayensu. Shirin Friends, wanda aka nuna a tashar NBC daga 1994 zuwa 2004, ya yi kashi 236 da jarumai shida, kuma wannan tsari ne ya ba shi damar yin tsawon rai ba tare da ya dogara ga mutum ɗaya ba.

Rauninta kuwa lissafi ne kawai. Idan aka raba minti 22 gida uku, kowane labari bai wuce minti bakwai da ɗan kai ba, kuma sau da yawa na ukun ba shi da wani dalili sai don kada a ce an bar wani jarumi a zaune. Za ka gane shi nan take: da an cire shi, babu abin da zai canja a sauran. A ganina wannan shi ne babban ciwon irin waɗannan shirye-shirye, domin yana mayar da ƙwararren ɗan wasa ɗan rakiya.

Sai dai idan marubuta suka iya ɗinka labaran, babu abin da ya kai wannan hanya daɗi. A wani kashi na shirin barkwancin Amurka Seinfeld na 1994, Kramer, ɗaya daga cikin jaruman, ya tafi bakin teku yana ta buga ƙwallon golf cikin ruwa, abin da mai kallo ya ɗauka shirme ne na gefe. Can kuma abokinsa George ya tsinci kansa yana ƙaryar cewa shi masanin halittun ruwa ne, har aka tilasta masa ceto wani ƙaton kifin whale da ya kasa numfashi. A fitowar ƙarshe, suna zaune a gidan cin abinci, George ya ba da labarin ceton da alfahari, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da abin da ya toshe kafar numfashin kifin: ƙwallon golf. Dariyar ba daga maganar ta fito ba, daga haɗuwar labaran biyu ta fito.

Hanya ta biyu ta fi arha wajen ɗauka, tunda ba a bukatar sabon wuri ko baƙin 'yan wasa, amma ta fi wuyar rubutu nesa ba kusa ba. Misalinta shi ne kashin Friends na 1996 da ya gudana kusan gaba ɗaya a falon Monica, ɗaya daga cikin jaruman shida, inda ɗan'uwanta Ross yake ta roƙon kowa ya shirya don wani biki na gidan tarihin da yake aiki, Joey da Chandler suna rigima a kan kujera, Rachel kuma ta kasa zaɓar kayan da za ta sa. Babu inda za a gudu, don haka damuwar kowa tana cin karo da ta wani, kuma agogo yana matsa musu lamba tare. A nan ne ake ganin amfanin jarumai shida da gaske. Haɗarin shi ne idan matsalar da ta tara su ba ta da nauyi, sai hayaniya ta maye gurbin barkwanci, masu babbar murya su danne masu sanyi.

Idan ka nemi zaɓina, na fi son kashin da aka tara kowa, domin ko ya yi rauni jaruman suna taɓa juna. Wanda aka raba yana iya zarce shi, amma sai fa idan labarin na uku ya dawo ya yi tasiri a kan na farko, kuma hakan ba kowane mako yake samuwa ba a shirin da ke fitar da kashi sama da 20 a zango ɗaya.