Sabon tsarin faɗa ya mayar da wasanmu gasar saurin yatsa

Wasan da muke yi ta intanet, irin wanda kowa ke gina jaruminsa ya shiga duniya ɗaya da dubban mutane, ya sauya tsarin faɗa, kuma ni dai sauyin bai yi mini ba. Ba zan kama suna ba, 'yan hannu sun gane.

A da, faɗan na lissafi ne. Ka zaɓi abokin gaba, jaruminka ya riƙa kai sara da kansa, kai kuma idonka na kan jininka, da maganin da ya rage a jaka, da lokacin da ya dace ka saki babban bugu. Mai haƙuri da sanin makami shi ke cin nasara. Yanzu kowane sara sai ka danna. An jera dabaru a ƙasan allo, kowacce da lokacin hutunta, an kuma ƙaro maɓallin gocewa. Dodo zai zana jan da'ira a ƙasa, in ba ka fice cikin ƙiftawar ido ba, rabin jininka ya tafi.

Gaskiya faɗan ya fi kyan gani, ƙarar takobi ma ta fi daɗin ji. Shi ke nan yabon da zan iya yi.

Babbar matsalar ita ce nisa. Manyan kwamfutocin da ke ɗauke da wasan suna Turai, mu kuwa muna Jidda. Duk abin da ka danna sai ya je can ya dawo. Tsohon tsari yana yafe wannan ɗan jinkiri, sabon ba ya yafewa. Da idona nake ganin jarumina ya tsallake da'irar, sai kuma in gan shi kwance a cikinta. Ƙanena da ke Makka, wanda ke shiga da datar waya, ya fi ni shan wuya. Kullum sai in ji muryarsa a kunne: "Yaya, wallahi na goce, wasan ne bai yarda ba!" Shi ne mai warkar da mu a ƙungiya, in ya faɗi sai mu bi shi ɗaya bayan ɗaya kamar kajin da ciwo ya shiga akurkinsu. Waɗanda ke kusa da kwamfutocin kuwa sai su ce ba mu iya ba ne.

Ga kuma asarar kaya. Garkuwar da na yi watanni ina tara kuɗin wasa kafin in mallaka, yau ba mai tayawa a kasuwa, tunda gocewa ta fi tarewa amfani.

Abin haushin, an taɓa ganin irin wannan. A Nuwamban 2012 kamfanin Jagex na Ingila ya sauya faɗan RuneScape, wani wasa irin namu, zuwa tsarin dabaru, 'yan wasa suka yi ca. A Fabrairun 2013 aka buɗe Old School RuneScape a kan fasalin wasan na 2007, ƙuri'ar neman a buɗe shi kuwa a ƙarshe mutum sama da 400,000 ne suka kaɗa ta. A 2014 aka dawo da zaɓin tsohon salon faɗa a babban wasan. Har yau a Old School sai an tambayi 'yan wasa ta ƙuri'a kafin a shigo da yawancin sababbin abubuwa. Namu kuwa wayar gari muka yi muka tarar an sauya, ba shawara, ba zaɓi.

Wanda bai san tsohon tsarin ba, kuma intanet ɗin gidansa mai ƙarfi ne, zai iya jin daɗinsa, amma ya fara gwada ɓangaren kyauta tukuna. Ni na dakatar da riyalolin da ake cire mini duk wata. In sun kawo kwamfutocinsu yankinmu, ko suka bar mutum ya zaɓi tsohon faɗa, zan sake biya.