Gashin tsibi ko tanderu, wanne ya fi ga mai jan bulo?

Salamu alaikum. Ɗan uwan da ya yi tambaya jiya, yana son fara jan bulo da tayil na yumɓu, ko ya jera su tsibi ya hura wuta ko ya gina tanderu, to Malam ga yadda abin yake.

Tsibi ba ya cin jari. Bulon ne da kansa ake jerawa a bar ramukan wuta ta ƙasa, a shafe waje da laka, a cusa itace ko ɓuntun shinkafa, wanda mu nan Sakkwato ba mu rasa shi tunda ga fadamar Wurno da Goronyo. Matsalar ita ce wuta ba ta rabuwa daidai, jan bulo yana son zafi wajen digiri 900 zuwa 1000, na tsakiya su samu har wasu su ƙone su lanƙwashe, na gefe kuma su fito ɗanye-ɗanye, kana kartawa da farce suna zuba, damina ɗaya ta cinye su. Ga cin itace, kuma kowa ya san yadda daji ya koma wajenmu, wallahi abin na damuna.

Tanderu kuɗi ne tun farko, babu ɓoyo. Amma bango na riƙe zafi, kai ke juya wutar, ka fara da ƴar kaɗan har danshi ya gama fita sannan ka ƙara, in an gama ka toshe ƙofofi ya huce a hankali. Wasu manyan masana'antu ma tanderu irin na Hoffmann suke yi, wanda anka ƙirƙiro a Jamus a 1858, wuta na zagaya ɗaki-ɗaki ba ta mutuwa, amma wanga ba na mai farawa ba ne.

Tayil fa kada ma ka kai shi tsibi, siriri ne, zafi ya ɗan bambanta sai ya karkace ko ya tsage.

Ni dai in gida guda za ka gina, yi tsibi ka ware na gefen ka sake gasa su. In sana'a ce, daure ka gina ƙaramin tanderu. Kowanne ka ɗauka a bar bulo ya bushe sarai, a inuwa in lokacin hunturu ne don iskar na fasa shi. In an sauke ka gwara biyu, wanda ya gasu ƙara yake kamar ƙarfe, mai ɗib-ɗib kada ka saida wa mutane.