Loyverse da WhatsApp Business a shagon atamfa

Duk mai shago a Kantin Kwari ya san abin da ke cinye masa lokaci: ƙirga kaya bayan an tashi kasuwa, da amsa tambaya ɗaya ga mutane barkatai. "Nawa turmi?" "Akwai kalar nan?" "Turo akawun." Waɗannan biyun kawai nake so waya ta ɗauke mini.

Wani kamfani ya taɓa kawo mana babbar manhaja, har da lissafin albashi da haraji, ana biyanta da dala duk wata. Da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023, kuɗin ya fi ƙarfinmu. Ga shi sabis na ɗaukewa sai ta tsaya cak, kwastoma na tsaye yana jira. Yaran shago suka koma wa biro da takarda, ni kuma ban ga laifinsu ba.

Loyverse, manhajar lissafin ciniki da kayan shago, ita ce ta zauna mana. Ainihin manhajar kyauta ce, kuma wayar Android ta ishe ta. Abin da ya fi burge ni, ko babu sabis za ka ci gaba da shigar da ciniki, in ya dawo ta tura komai da kanta. Tana karɓar awo, ba sai ƙidaya ba, don haka yadi biyar da rabi na shadda yana shiga daidai, ta cire shi daga abin da ya rage. Da wani zane ya kusa ƙarewa za ta sanar da kai, ba sai hajiya ta zo daga Zinder ka duba kan kanta ka tarar babu ba. Ina gida da daddare nake duba cinikin yini. Akwai sassan da ake biya, kamar na bin diddigin ma'aikata, ban buƙace su ba tukuna.

Wahalar tana farko. Sai ka zauna ka shigar da kowane zane da sunansa da farashinsa, kuma in yaro ya sayar bai danna ba, lissafi ya karkace. Da Musa, ɗaya daga cikin yaran shagon, ya ga an daina tsare shi ƙirga har bayan magariba, shi ya riƙa tuna wa sauran.

WhatsApp Business kuwa, amsoshin da aka tanada su ne riba. Na danna alamar / na zaɓi amsar, sai lambar akawun ta fito, ba kuskuren lamba. Hotunan kaya na jere da farashi, kwastoma ta zaɓa da kanta. Ina yi wa kowace hira alama: ta biya, ba ta biya ba, an kai tasha.

Bashi kam har yanzu a littafi yake. Wanda zan ɗaga wa ƙafa zuwa bayan Sallah da wanda zan ce wa a'a, ni na san su, kuma ban shirya miƙa wa waya wannan ba.