Bashi ya yi katutu: kotu ko zaman sulhu?

Tun da tumatir ɗin maƙwabcina ya ruɓe a mota kafin ya iso kasuwar Mile 12 ta Legas ake ta tambayata, wai in jari ya karye gara kotu ta ayyana mutum ya tsiyace ko a zauna gaban shugabannin kasuwa.

Kotu dai dokarta na nan tun 1979, Babbar Kotun Tarayya ke sauraro, ta Legas tana Ikoyi. Amma wallahi kuɗin lauya kaɗai ya isa ya ƙarasa ka, ga ɗage zama yau da gobe, kuma kafin kotu ta sallame ka daga hukuncin tsiyacewar ba takara ba zama daraktan kamfani. Amfaninta komai a rubuce yake.

Sulhu kuwa tabarma ce da goro, a yafe maka wani abu, sauran ka biya bayan kaka, gobe ma a ba ka kwando bashi. Matsalar, magana ce ta baki, wani sai ya kwana ya ce bai yarda ba.

Wanda bankuna ke bi miliyoyi ya nemi lauya. Manomi ko dillalin da 'yan'uwansa na kasuwa ke bi, sulhu ya fi masa.