Tainted Love da Just Can't Get Enough, wacce ta fi?

Ɗan'uwa ka tambaya tsakanin Tainted Love ta Soft Cell da Just Can't Get Enough ta Depeche Mode wacce ta fi karɓuwa lokacin da suka fito, kuma wacce ta fi amfanar masu ita. To ɓangaren farko ba wani dogon zance, na biyun ne sai an ɗan zauna.

Duka biyun a 1981 suka fito a Ingila, Tainted Love a watan Yuli, ɗayar kuma a Satumba. Kuma ƙungiyoyin biyu duka samari ne da suka ajiye gita da ganga suka rungumi na'ura, irin dai wadda mawaƙanmu na situdiyo ke kira fiyano, sai dai ta wancan zamanin da yawa sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda, dole sai an bi a hankali ana ɗora wannan kan wancan. Har a faifan haɗaka ɗaya ƙungiyoyin suka fito a farkon shekarar, na kamfanin Some Bizzare, kowa da wata waƙarsa daban.

In kasuwa ce kam Tainted Love ta yi mata fintinkau. Ta hau lamba 1 a jadawalin Birtaniya, a Amurka ta kai lamba 8 a 1982 sannan ta shafe mako 43 a jadawalin Billboard, wato jadawalin waƙoƙin da ke tashe a can, wanda a lokacin ba wata waƙa da ta taɓa daɗewa haka. Ita kuwa ta Depeche Mode lamba 8 ta tsaya a gida, a Amurka kuma iyakarta gidajen rawa. Amma ka sani ga yaran Basildon, garin su Depeche Mode, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, don waƙarsu ta farko a lamba 57 ta maƙale, ta biyu New Life ta kai 11, wato wannan ce ta fara shigar da su goman farko.

Yanzu ga inda labarin ya ɗauki zafi. Tainted Love ba waƙar Soft Cell ba ce, Ed Cobb ne ya rubuta ta, wata ba'amurkiya Gloria Jones ta rera ta a 1964 ba ta yi kasuwa ba sam, sai a shekarun 1970 masu rawar dare a arewacin Ingila suka tono ta suka maida ita tasu, a nan Marc Almond mai rerawa da Dave Ball mai danna na'ura, wato su biyun da suka kafa Soft Cell, waɗanda suka haɗu suna karatu a Leeds, suka san ta. Abin da suka yi mata shi ne suka rage mata gudu, suka sauke muryar ƙasa, suka cire duk wani kiɗan hannu, sai wannan bugun guda biyu da ke faɗowa tsakanin baiti da baiti, wanda ko daga nesa ka ji shi ka san ita ce. Sannan muryar Almond, wallahi ba murya ce mai santsi ba, wani wajen har kamar za ta kauce, amma irin ta mutumin da soyayya ta gasa shi yana neman hanyar gudu ce, kuma abin da waƙar ke faɗa ke nan. Sun kuma yi ta ne wuƙa a wuya, don wadda suka fitar kafin ita, Memorabilia, ba ta shiga jadawali ba, kamfani ya nuna musu in wannan ma ta faɗi to shi ke nan.

Sai dai fa sun tafka asara. A bayan faifan, maimakon su sa waƙar da suka rubuta da kansu, sai suka sa wata ta aro, Where Did Our Love Go ta Supremes, wata ƙungiyar mawaƙa mata ta Amurka. Ka ga gaba aro baya aro, kuɗin marubuci duk ya tafi aljihun wasu, a faifan da ya sayu sama da miliyan a Birtaniya kaɗai. Wannan abin har yau yana min ciwo in na tuna.

Just Can't Get Enough kuwa tasu ce ta gida, ɗan ƙungiyarsu Vince Clarke ya rubuta, kuma a ƙaramin kamfanin Mute na Daniel Miller ta fito, wanda ko takarda ba su sa wa hannu ba, musabaha kawai aka yi a kan za a raba riba biyu. Waƙa ce mara nauyi, saurayi ne so ya rufe masa ido yana ta maimaita magana ɗaya, kiɗan na tsalle tsalle, amshin kuma ko yaro ya ji sau ɗaya ya riƙe. Shi ya sa wasu suka raina ta suna cewa kiɗan yara ne. Dama a lokacin akwai masu ganin duk mai danna na'ura ba makaɗi ba ne, har a 1982 wani reshe na ƙungiyar makaɗa a Landan ya nemi a hana amfani da ita don tana cinye musu aiki. Amma wannan sauƙin nata shi ya raya ta, je ka ji yadda magoya bayan Celtic ke rera ta a filin ƙwallo a Glasgow.

Ni dai in waƙa da waƙa za a gwada, Tainted Love nake ba wa, ba ko tantama. Tana da ciwo a cikinta, kuma wannan bugun nata ya yi ƙarfin da Rihanna ta ɗauke shi ta gina SOS a kansa a 2006, na tabbata da yawa a cikinmu ta nan suka fara jin sa ba tare da sun san asalinsa ba. In kuma maganar wa ya ci riba ne, Depeche Mode ne. Soft Cell sun ƙara wasu waƙoƙin da suka shiga goman farko amma zuwa 1984 sun watse. Su kuwa Depeche Mode, duk da Vince Clarke ya fice tun ƙarshen 1981 ya je ya kafa Yazoo da Alison Moyet, wani ɗan ƙungiyar, Martin Gore, ya karɓi rubutun ya juya su zuwa kiɗa mai duhu da nauyi, har a 1988 suka tara mutum sama da 60,000 a filin Rose Bowl na Amurka.

In za ka saurara ka nemi doguwar Tainted Love ta faifan inci 12, wadda aka jona ta da waƙar Supremes ɗin ba tsayawa, ita ce masu disko suka fi juyawa, kuma a nan za ka fi jin aikin Dave Ball.