Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Kebbi kan wani mai tallar kayan birki

Ina jan hankalin direbobi da masu tsofaffin motoci, musamman masu Fijo 504 a-kori-kura da tsohuwar Hilux da ke zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Aleiro, game da wani mutum da ke bi tasha-tasha yana tallar kayan birkin baya, yana rantsuwa cewa 'yan Kwatano ne masu kyau. Ni ya damfare ni, kuma Allah ne kaɗai ya tsare ran direbana da na yaronsa.

Motata albasa take ɗaukowa daga Aleiro, birkinta na baya kuwa irin na ganga ne, wanda makanikai ke kira dirom. Da gangunan suka cinye, sai mutumin nan ya kawo mini guda biyu baƙaƙe wuluk suna ƙyalli, tare da shu huɗu, wato ƙarafan da ke kama ganga ta ciki idan an taka birki, a cikin kwali, a kan farashin da bai kai na shago ba. Na biya, aka ɗaura. Ba a yi mako biyu ba, mota na ɗauke da kaya a hanyar Jega zuwa Koko, direba ya taka birki sai ƙafar baya ɗaya ta cije, motar ta fizge ta sauka gefen titi.

Da wani dattijon makanike ya kwance ƙafar, abin da muka gani ya tayar mini da hankali. Shu ɗin tsofaffi ne, an kankare su an manna musu lainin, wato ɓangaren da ke gogar ganga, da gam irin na kasuwa, wanda ba ya jure zafin birki. Lainin ɗaya ya ɓalle ya maƙale a cikin ganga. Gangunan su ma tsofaffi ne da aka kai wa mai injin yankan ƙarfe ya yi ta sassaƙar cikinsu har suka wuce ƙa'ida. Kamfani kan rubuta iyakar faɗin da cikin ganga zai kai a jikinta, amma wannan mutumin ya goge lambar da dutsen washi ya bi da fenti. Gangar da ta yi siriri haka saurin ɗaukar zafi take yi, ta buɗe, shu ya kasa kama ta, a taka birki ƙafar direba ta nutse mota na ci gaba da tafiya. Wanda ya goge wannan lamba ya san sarai abin da yake yi, shi ya sa ba zan kira shi kuskure ba.

Sassaƙar ganga ba laifi ba ce matuƙar ba a ƙetare iyakar ba. Don haka kada a karɓi gangar da ba a ga lambarta ba, kuma a sa makanike ya auna cikinta a gaban mai ita kafin kuɗi su fita. A duba gefen lainin, in an ga gam ya tsattsafo ko ƙarfen shu yana da tsatsa ƙarƙashin fenti, a mayar masa da kayansa.

Lambar wayar da ya ba ni a kashe take tun ranar da abin ya faru. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma sanar da shugabannin ƙungiyar direbobi a tasharmu. Duk wanda ya sayi kaya a hannunsa, ina roƙonsa ya ajiye motar a kwance ƙafafun baya a duba kafin ya sake yin lodi.